Wanne Za Ka Fara Karantawa, Ɗan Kwari?

Tsofaffin gine-ginen Kwarori na Kantin Kwari suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya san wurin tun zamanin da kanti ke gaba, mai kanti da iyalinsa ke kwana a baya, ya san abin da nake faɗa. Yau a rushe wannan, kafin shekara ta zagayo an tayar da bene an yanka shi shago-shago. Ban ƙi gini ba. Kasuwa ta cika ta batse, dole a nema wa yara wurin zama, ko da yake ambaliyar 2022 ta nuna mana abin da gini a kan magudanar ruwa ke jawowa. Abin da ya hana ni sukuni daban ne. Yaran da ke zaune cikin sababbin shagunan nan ba su san labarin ƙasar da suke takawa ba, alhali suna karatu, har sun fi mu. Masu digiri nawa ne yau ke auna shadda a Kwari?

Tun 2020 na lura hirarsu ta sauya. A watan Afrilu na shekarar aka riƙa korar baƙar fata daga gidajen haya da masaukai a Guangzhou da sunan korona, garin da Alhazan Kwari suka mayar kamar gida wajen sari, har kakakin majalisar wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa bidiyon abin da ake yi wa mutanenmu. A watan Mayu kuma ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd a Minneapolis har rai ya yi halinsa. Daga nan littattafan wariyar launin fata suka samu kasuwa, wasu a hannun masu baza littafi, mafi yawa a cikin waya. Kwanan baya ɗan wani maƙwabcina na kasuwa ya zo gaishe ni, ya ce ya ga littattafai biyu, ɗaya tarihin rayuwar Malcolm X, ɗaya kuma wanda Ahmed Bako ya rubuta a kan Sabon Garin Kano.

"Baba, kuɗin ɗaya gare ni. Wanne zan ɗauka?"

"Ɗauki na Sabon Gari, ɗana."

"Haba Baba, Sabon Garin da nake shiga kullum sayen kayan janareta? Me za a gaya mini a kanta?"

Wannan tambaya tasa ita ce ciwon, kuma ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Kada wani ya ce na raina littafin Malcolm X. Mu da muka yi samartaka bayan yaƙin basasa mun karanta shi har bangonsa ya cire, daga wannan hannu zuwa wancan. Ya fito a 1965, shekarar da aka harbe mutumin, kuma abin da ya kama zuciyarmu shi ne hajjinsa na 1964, yadda ya ci abinci akushi ɗaya da fararen Musulmi tunaninsa ya juya. Mun karanta littafin Walter Rodney da ya fito a 1972 yana bayanin yadda Turai ta durƙusar da Afirka. A Janairun 1976 da Murtala ya tsaya a Addis Ababa ya gaya wa Amurka gaskiya a kan Angola, ranar ko ɗan dako ya ji kansa ya ƙara tsawo a Fagge. Wanda ya taɓa tsayawa a filin jirgin wata ƙasa aka ware shi gefe saboda fatarsa da koren fasfo, ko ya ji yadda ake furta "takari" a Jidda, ko ya ga bidiyon gwanjon mutane a Libiya da aka nuna a 2017, ba ya bukatar a tabbatar masa da cewa maganar nan tamu ce.

Amma yaron nan yana son ya haye teku ya nemo wariyar launin fata, ga shi yana zaune a tsakiyarta. Kantin Kwari kansa da ita aka shata shi.

Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, suka zauna gabas da ganuwa, wajen Nasarawa da Bompai. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, garin ya cika da baƙi. To, sai aka raba su kamar yadda mai kanti ke jera kaya, mai tsada a sama, mai araha a ƙasa. Bature yana unguwarsa. Kwarori, da ba a yarda su Turawa ne ba kuma ba a haɗa su da mu ba, aka yanka musu filaye a Fagge ta Kudu, nan inda muke ciniki yau. Akawuna da ma'aikatan jirgi daga Kudu da Saliyo da Gana aka kafa musu Sabon Gari a 1913. 'Yan Arewa da ba Kanawa ba aka tura su Tudun Wada. Dokar birane ta Lugga ta 1917 ta zo ta ce a bar fili fayau na yadi 440 tsakanin gidan Bature da na baƙar fata, wai saboda sauro da gobara. Mu da muka ƙare rayuwa muna auna yadi mun san tsawon yadi 440. Ciniki ma haka aka jera shi: kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC da GBO suna shigo da kaya, Kwara ya karɓa bashi, Bahaushe ya karɓa daga Kwara in an yarda da shi. Irin su Alhassan Dantata da suka tsallake wannan tsani suka yi hulɗa kai tsaye da kamfani 'yan ƙalilan ne. Sai bayan dokar Gowon ta 1972, wadda ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan sana'o'i da cinikin ɗai-ɗai, shagunan suka riƙa dawowa hannunmu, Kwarori da yawa suka koma harkar masana'antu.

Ba zan zagi Kwarori ba, na ci gishirinsu. A kantin ɗaya daga cikinsu na fara aiki, kuma akwai waɗanda a Kano aka haife su, Hausarsu ta fi ta wasu jikokina, a nan kuma aka binne su. Tsarin da aka saka mu ciki nake magana. Kujerar da mai kanti zai miƙe ya ba Baturen kamfani, ba ya ba Alhajin da ya fi Baturen nan dukiya da shekaru. Mun gani da idonmu, muna yara, ba mu da sunan da za mu kira abin.

Fagge kuwa ta girmi duk wannan. Tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, nan ne zangon ayarin Azbinawa, nan raƙuma ke durƙusawa da gishiri. Baturen Jamus Heinrich Barth da ya zo a 1851 ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna kaiwa Tambutu da Gat har Tarabulus. Garin da ya tufatar da Sahara shi ne yau ke zaman jiran kwantena daga Sin, masaƙun Bompai da Sharaɗa da Chalawa sun zama kangaye ko rumbunan ajiye kayan waje. Yaron da bai san farkon labarin nan ba zai ɗauka haka Allah ya halicce mu, masu sayar da abin da wasu suka saƙa.

Ga abin da na fi so a riƙe. Kano ba ta taɓa rasa baƙi ba. Ku zaga cikin gari ku ji sunayen unguwanni: Ayagi, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Dandalin Turawa. Yarabawa da Nufawa da Barebari da mutanen Agadas da Larabawan Gadamas ne suka zauna cikin ganuwa, ƙarƙashin sarki ɗaya da alƙali ɗaya, aka yi auratayya, jikokinsu suka zama Kanawa har ba mai tambaya. Baƙin Sabon Gari kuwa aka ajiye su waje, da kotunsu, da makarantunsu, ba sa ma ƙarƙashin En'e sai a 1940. Ba Bature kaɗai ya so hakan ba, sarakunanmu ma ba sa son mishan da giya su matso ganuwa, kuma suna da hujjarsu. Sai dai abin da aka haifa shi ne mutane biyu da ba sa haɗuwa sai wajen ciniki. Ba ka zuwa sunansa, ba ya zuwa jana'izarka. Ka san farashinsa, ba ka san sunan ƙauyensu ba. Mutumin da farashinsa kaɗai ka sani, ranar da aka ce maka maƙiyi ne ba ka da abin da za ka musa da shi.

Rikici na farko da aka gani shi ne na Mayun 1953, ina ƙaramin yaro. Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin cewa a ba ƙasar nan mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ƙi, aka yi musu ihu a Ikko. Sai Akintola ya jagoranci tawagar jam'iyyarsa zuwa Kano. Daga ranar 16 ga wata aka kwana huɗu ana ɗauki-ba-daɗi tsakanin Fagge da Sabon Gari, gwamnati ta ƙirga gawa 36 da masu rauni 241. Tawagar ta Yarabawa ce, amma faɗan ya fi ƙarewa tsakaninmu da Inyamurai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa wutar tana nan a binne tun kafin baƙon ya sauka.

Na biyu kuwa ina da wayona sarai. A kantin da nake akwai wani akawu Inyamuri, ya girme ni, shi ya koya mini yadda ake shigar da kaya a littafi, shiga a hagu, fita a dama, da yadda ake bin kuskuren kwabo har a gano shi. Yana jin Hausa, yana cin goro, kullum da keke yake zuwa daga Sabon Gari. An yi na watan Mayun 1966 ya tsira, ya dawo aiki. Ranar Asabar 1 ga Oktoba sojoji suka yi bore, aka fara daga filin jirgin sama, aka bi tashar jirgin ƙasa, aka shiga Sabon Gari. Da aka buɗe kanti bayan ƙura ta lafa, mai gida ya miƙo mini littafin lissafi. Rubutun mutumin nan ya tsaya a tsakiyar shafi, daga layin da ke ƙasa na ci gaba da nawa. Shekara da shekaru muna aiki tebur ɗaya, ba wanda ya san garinsu a duk kantin, balle a aika tambaya. Akwai Hausawan da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗaka da cikin soro, Allah ya saka musu, amma su ma waɗanda suka sani suka ɓoye.

Wanda ya riƙe adda baƙi ne, wanda aka sara baƙi ne. Ku gaya mini, a wane shafi na littafin Amurka yaron nan zai samu bayanin wannan? A can labarin a fili yake, ga fari ga baƙi, kuma mu masu karatu daga Kano kullum muna ɓangaren wanda aka zalunta. Shi ya sa yake da daɗin karantawa. Ka rufe littafi zuciyarka fes, laifin duk na wani ne. Tarihin garinku ba ya yi maka wannan gata, don wani lokaci kakanka ne ke riƙe da addar. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Abin bai tsaya a 1966 ba. An yi na Oktoban 1982 a kan ginin coci a Fagge, an yi na Oktoban 1991 da zuwan Reinhard Bonnke, an yi na Mayun 2004 bayan kashe-kashen Yelwan Shendam. Kowane karo na dubi fuskokin masu gudu da gora, yara ne da aka gaya musu labarin jiya ya fara. Ina za su ji na shekaranjiya? Wajen 2009 aka cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare, sai a 2022 gwamnati ta yi bikin dawo da shi. Waɗanda suka yi makaranta a tsakanin nan su ne ke riƙe da makullan shagunan Kwari yanzu. Za su lissafa maka sunayen baƙar fatan da 'yan sandan Amurka suka kashe, amma ka tambaye su me ya faru a tashar mota ta New Road ranar 18 ga Maris 2013, a nan bayan kunnensu, sai su yi shiru.

To amma a nan dole in ja linzami, don littattafan tarihin namu ma ba wankakku ba ne. Waɗanda suka fara rubuta mana tarihi da boko jami'an mulkin mallaka ne. H. R. Palmer, wanda ya fassara tsohon Tarihin Kano zuwa Turanci a 1908, da Flora Shaw matar Lugga da littafinta na 1905, sun tafi a kan cewa duk wani tsari da wayewa da aka gani a ƙasar Hausa wasu masu hasken fata ne suka kawo daga arewa ko gabas, kuma Fulani an halicce su ne don mulki, saura don a mulke su. Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman sun ƙare ƙarfinsu a Jami'ar Ahmadu Bello suna rushe wannan tunani da hujja, suna nuna cewa sana'a da ƙaura da auratayya da addini su suka gina al'ummar nan. Yau me muke gani? Yara a TikTok da Facebook, wannan ya ce shi Hausa zalla ne, wancan ya ce shi jinin sarauta ne, ana auna hanci da gashi, ana zagin kakannin juna, alhali in aka bi gidan kowannensu za a tarar da kaka Bafulatana da kaka Bahaushiya suna daka a turmi ɗaya. Maganar Palmer ce suke maimaitawa, sun ɗauka tasu ce. Wannan wauta tana ba ni tsoro fiye da duk wadda na gani, don wancan karon aƙalla akwai titi tsakanin Fagge da Sabon Gari. Wannan karon a tsakar gida za a ja layin.

Yaron da ya karanta Frantz Fanon zai gane warin wannan abu daga nesa. Likita ne ɗan tsibirin Martinik, a 1952 ya rubuta yadda wanda aka mallaka ke kaiwa ga ƙin fatar jikinsa. Idan na tuna haka sai in ji kamar in kira ɗan maƙwabcina in ce ya mayar da na Sabon Gari ya ɗauko na launin fatar. Ku shiga layin masu kayan shafa ku ga yadda ake sayen man bilicin kamar gishiri, har NAFDAC ta fito a 2023 ta ce abin ya zama annoba. Ku saurari samari suna cewa fara ko mayya ce, suna dariya, ƙannensu mata suna ji. Ba Bature a wurin, ba Kwara. Uwa ce ke shafa wa jaririyarta mai don ta yi haske. Wanda bai karanta yadda ake dasa wa mutum ƙin kansa ba zai ce kwalliya ce kawai. To ga shi, ni da na ce a fara da gida, na dawo ina cewa sai da na waje ake ganin gidan sosai. Duka biyun na yarda da su, ban kuma ga dalilin janye ɗaya ba.

Akwai kuma abin da littattafan fada ba sa so su daɗe a kansa. Tsohon Tarihin Kano jerin sarakuna ne daga Bagauda. Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, da ya fito a 1958, littafi ne mai daraja, kowane gida ya kamata ya ajiye shi, amma idonsa na kan sarauta. Masaƙi da marini da ɗan dako da bawa sai ka nemo su a wani wurin. An sayar da mutane a Kasuwar Kurmi. Bayi ne suka noma gandayen sarki a Fanisau da wasu wurare, kuma sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Tsakaninmu da shekarar nan bai kai a manta ba, shi ya sa har gobe akwai gidajen da in an zo neman aure za a koma gefe a yi raɗa a kan asali, a hana yaro mai addini da sana'a mata saboda abin da aka yi wa kakan kakansa. Mai yin wannan raɗa da wane baki zai zagi Amurka?

Da yaran nan sun san malamanmu sun riga kowa shiga wannan magana, da sun rage kallon teku. Mutanen Tuwat sun aika wa Ahmad Baba na Tambutu tambaya a kan bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙar fata. A 1615 ya ba su amsa a littafin da ake kira Mi'irajus Su'ud. Ya ƙaryata masu cewa baƙin fata alamar bauta ce da aka gada daga la'anar Hamu ɗan Annabi Nuhu, ya kuma ambaci Kano da Katsina da Gobir da Borno da Songhai cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Shi kansa an taɓa kai shi Marrakesh a ɗaure bayan Maroko ta ci Songhai. Bai haramta bauta ɗungurungum ba, mutumin zamaninsa ne, amma ya raba ta da launi shekara ɗari huɗu da suka wuce, da sunan garinmu a ciki. Wannan littafin a wane layi za ka sa shi, na tarihin gida ko na launin fata?

Har yanzu dai in aka ce kuɗin ɗaya ne, na gida nake cewa a fara ɗauka, saboda akawun nan. Fanon da Rodney za su buɗe maka ido, amma ba za su gaya maka daga ina mai shagon da ke kallon naka ya fito ba, ko me ya kawo kakansa Kano, ko me aka yi masa a nan. Yanzu ga 'yan Sin sun shigo Kwari, an kama wasunsu a 2012 a kan cinikin ɗai-ɗai, marina sun yi zanga-zanga a kan kayansu a 2015. Kukan 'yan kasuwa da marina gaskiya ne, ina tare da su. Amma ina jin yadda yara ke maganarsu a jimlace, ba suna, ba fuska, sai farashi, kuma na san wannan muryar.

Alhazan Kwari, da ku nake yanzu. Kuna gina masallatai, kuna biya wa mutane Makka, Allah ya karɓa. Amma littafin Sabo Albasu na 1995 a kan Kwarorin Kano da Turanci yake. Na Ahmed Bako na 2006 da Turanci yake. Na Rasheed Olaniyi a kan Yarabawan Kano, da binciken Philip Shea a kan rini da cinikin tufafin ƙasar Kano, duk da Turanci, kuma samunsu a kasuwa sai an sha wuya. Na Amurka kuwa kyauta yake zuwa cikin waya, har da mai karanta maka. Yaya za a zargi yaro don ya ɗauki abin da ya iso hannunsa? Ƙungiyar 'yan kasuwa da ke iya tara kuɗin gyaran layi da na masu gadi tana iya ɗaukar nauyin fassara littattafan nan zuwa Hausa, a nemi izinin masu su, a buga da araha, a karanta a rediyo don 'yan dako da masu tebur. Malaman da za su yi aikin suna Jami'ar Bayero, adaidaita ce za ta kai ku. Tsofaffin da suka yi akawu da dako a kantunan Kwarori kafin 1972 kuma sun ragu ƙwarai, waɗanda suka rage da yawansu suna Fagge, bakinsu bai mutu ba. A tura yara da rikoda su zauna da su, a haɗa da tsofaffin Sabon Gari da suka dawo bayan 1970 suka sake buɗe shagunansu, a tambayi kowa sunan garinsu da shekarar da ya zo.